Wa Ke da Ta Cewa a Kan Jikin Yaro?



Ranar da labarin ya iso, ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu bayan sallar isha'i. Wani matashi ya karanto mana daga wayarsa cewa Kotun Ƙolin Amurka ta amince jihohi su hana likitoci bai wa yara maganin sauya jinsi. Bai gama sauke wayar ba wani dattijo ya ce, "To, alhamdu lillahi, Turawa sun fara dawowa hayyacinsu." Na kusa da shi ya ce a'a, ai mata-maza ake nufi, kuma zalunci ne a hana su magani tunda haka Allah ya halicce su. Shi kuwa mai shayi, yana ta kaɗa ƙwai a kofi, ya ce iyakar saninsa 'yan daudu ne, kuma bai taɓa jin ɗan daudu ya je asibiti neman allura ba. Aka yi dariya, aka koma hirar ƙwallo.

Ni dai zancen bai sake ni ba, domin dukansu ukun babu wanda ya dace da ainihin abin da aka yi shari'a a kansa. Shi ya sa na ga ya kamata yau mu zauna mu warware shi a tsanake.

Bari mu fara raba gardamar teburin shayi. Mata-maza mun san su: jariri ne da aka haifa halittar al'aurarsa ba ta fito sosai ba, har ungozoma ta kasa cewa namiji ne ko mace. Malamanmu na fiƙihu suna ce masa khunsa, kuma duk wanda ya yi karatun rabon gado a zaure ya ci karo da babinsa. Dokar da aka kai gaban kotu ba ta taɓa waɗannan ba, ta ma ware su ƙarara, ta ce a ci gaba da yi musu magani. Daudanci kuwa harka ce ta ɗabi'a da sana'a da salon magana, likita bai shigo ciki ba. Yaran da ake magana a kansu daban suke. An haife su da cikakkiyar halitta ta mace ko ta namiji, amma suna cikin ƙunci mai tsanani, mai daɗewa, na jin cewa jikin nan ba nasu ba ne. Yarinya ce da fitowar ƙirjinta ke sa ta daina cin abinci, ta ƙi fita daga ɗaki. Yaro ne da buɗewar muryarsa ke sa ya yi shiru gaba ɗaya a aji. Likitocin can sun ba wannan ƙunci suna, sun sa shi cikin littattafansu na lalurori. Ko me mutum yake gani game da musabbabinsa, ƙuncin kansa babu wani ɓangare a wannan gardama da ya musa cewa akwai shi.

To, wane magani ne ake rigima a kai? Hawa uku ne. Na farko shi ne maganin tsayar da balaga. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, ita ce ke aika saƙo ga gaɓoɓin haihuwa cewa lokaci ya yi, a fara aiki. Maganin nan yana toshe saƙon. Ana yin sa ta allura duk wata ko duk wata uku, ko kuma a tsaga fatar damtse kaɗan a cusa wani siririn abu mai kama da tsinken ashana, irin wanda matanmu suka sani a ɗakin tazarar haihuwa, ya shekara yana tsiyayar da magani a hankali. Muddin yana aiki, ƙirji ba zai fito ba, gemu ba zai tsiro ba, murya ba za ta buɗe ba. Ba sabon magani ba ne. Tun shekarun 1980 ake bai wa yaran da balaga ta zo musu da wuri fiye da ƙima, kamar yarinyar da ta fara alamun girma tana shekara shida. Ana kuma bai wa dattawa masu sankarar furostet. Hawa na biyu shi ne sinadarin homon na ɗaya jinsin: testosteron ga wadda aka haifa mace, istrojin ga wanda aka haifa namiji. Wannan kam yana barin tabo. Muryar da ta yi kauri ba ta komawa, kuma haihuwa na iya gagara nan gaba. Hawa na uku tiyata, wadda ba kasafai ake yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 ba.

Wannan tsari daga ƙasar Holan ya samo asali, a wani asibitin jami'a da ke Amsterdam, tun wajen ƙarshen shekarun 1990. Likitocin can sun lura cewa manyan da suka sauya jinsi bayan jiki ya gama ƙira suna shan wahala, sai suka ce me zai hana a tsayar da agogo tun da wuri, yaro ya samu sararin tunani? Amma sun gindaya sharuɗɗa masu tsauri. Sai yaron da ƙuncinsa ya faro tun yana ƙarami, ya kuma tsananta da balaga ta kunno kai, wanda ba shi da wata babbar lalurar ƙwaƙwalwa, wanda iyayensa ke tare da shi. Tsayar da balaga daga shekara 12, homon daga 16, tiyata daga 18. A 2011 suka fitar da sakamakon yara 70, a 2014 suka bi sawun 55 daga cikinsu, suka ce akasari sun samu sauƙi. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, 70 da 55. A kan wannan ɗan ƙaramin tubali aka ɗora ginin da ya bazu zuwa asibitocin Turai da Amurka.

Sai kuma masu zuwa asibitin suka canza. A Landan akwai wata cibiya a ƙarƙashin asibitin Tavistock, wadda ita ce hukumar lafiya ta Ingila ta damƙa wa wannan aiki. A shekarar 2011 zuwa 2012 yaran da aka tura mata ba su kai 250 ba. Bayan shekara goma suka haura 5,000 a shekara guda. Da can yawancinsu yara maza ne da abin ya faro musu tun yarinta. Daga baya kuwa mafi yawa 'yan mata ne da abin ya taso musu a tsakiyar balaga, da yawansu kuma suna fama da wasu lalurorin: baƙin ciki mai tsanani, fargaba, otizim, wasu ma sun taso a hannun hukuma ba a gaban iyaye ba. Waɗansu masana suka ce ai dama can akwai su, tsangwama ce ta ragu suka fito. Waɗansu suka ce a duba tasirin wayar hannu da ƙawaye. Har yau ba a daddale ba. Abin da ba ya buƙatar gardama shi ne, waɗannan yaran ba irin na Amsterdam ba ne, alhali maganin iri ɗaya aka riƙa ba su.

Wata matashiya mai suna Keira Bell ce ta fasa ƙwan. An fara ba ta maganin tsayar da balaga tana shekara 16, testosteron tana 17, aka cire mata ƙirji tana 20, daga baya ta yi nadama ta koma rayuwarta ta mace. Ta maka cibiyar a kotu, tana cewa ba a tsaya an tuhumi tunaninta na ƙuruciya yadda ya kamata ba. A watan Disambar 2020 babbar kotu ta ba ta gaskiya, ta ce da wuya yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ya fahimci nauyin abin da yake amincewa da shi. A watan Satumbar 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce tantance hankalin yaro aikin likita ne, alƙali ba shi da hurumi.

Ana wannan tufka da warwara, hukumar lafiya ta riga ta ɗora wa wata dattijuwar likitar yara, Dakta Hilary Cass, wadda ta taɓa shugabantar kwalejin likitocin yara ta Birtaniya, alhakin binciko lamarin tun daga tushe. Shekara huɗu ta kwashe. Ta sa masanan Jami'ar York suka tattaro duk binciken da aka taɓa wallafawa suka tankaɗe. Cikin bincike 50 kan maganin tsayar da balaga, ɗaya tak suka samu mai cikakken inganci. Cikin 53 kan homon, nan ma ɗaya. Ita kanta cibiyar Tavistock ta taɓa bin yara 44 da ta tsayar wa balaga: 43 suka zarce zuwa homon, kuma awon da aka yi bai nuna lafiyar tunaninsu ta sauya ba. A nan tambayar ta tsaya. Idan 43 cikin 44 sun wuce gaba, shin maganin hutun tunani ne kamar yadda aka ce, ko kuwa matakin farko ne na tsanin da ba a cika saukowa ba? Masu goyon baya suka ce wannan shaida ce ta cewa likitoci sun iya zaɓen waɗanda suka cancanta. Masu shakka suka ce ta yiwu maganin ne ke kulle yaro a inda yake. Ga kuma zancen ƙashi, wanda a lokacin balaga yake tara ƙarfinsa, da zancen ƙwaƙwalwa, wadda ba a san abin da jinkirin ke yi mata ba.

A watan Afrilun 2024 rahoton Cass ya fito, ya ce hujjojin da aka dogara da su raunana ne ƙwarai. An rufe cibiyar Tavistock, aka buɗe sababbi a manyan asibitocin yara na Landan da Libaful, inda za a duba yaro gaba ɗayansa, har da barcinsa da karatunsa da halin gidansu. Gwamnatin Birtaniya ta masu ra'ayin riƙau ta dakatar da rubuta maganin tsayar da balaga ga sababbin yara a watan Mayu. Da jam'iyyar Leba ta karɓi mulki, ministanta na lafiya Wes Streeting ya tabbatar da hanin a watan Disamba, da alƙawarin sake dubawa a 2027. Jam'iyyu biyu da ba sa ga maciji, matsaya ɗaya. Finlan ta riga su taka birki tun 2020, Suwidin a 2022. Ba kowa ne ya bi ba. Wasu masana a Jami'ar Yale sun soki yadda aka tankaɗe binciken, kuma ƙungiyoyin likitoci na Jamus da Ostiriya da Suwizalan sun fitar da nasu ƙa'idojin a 2025 waɗanda suka bar ƙofar a buɗe.

Yanzu mu tsallaka teku, domin a Amurka hanya ce daban aka bi.

Da farko ku ji girman lamarin, don kururuwar ta fi shi. A 2022 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya sa aka ƙirga takardun inshorar lafiya na shekara biyar, daga 2017 zuwa 2021. Yara kimanin 121,000 aka rubuta suna da wannan lalura. Waɗanda aka fara bai wa maganin tsayar da balaga ba su kai 5,000 ba, masu homon ba su kai 15,000 ba. Tiyatar ƙirji 776 aka gani cikin shekara uku. Wannan a ƙasar da yaranta suka haura miliyan 70. Ga iyalin da abin ya shafa, dutse ne a ka. Amma a ma'aunin ƙasa, ɗan ƙaramin lungu ne na aikin likita, sai ga shi ya zama taken yaƙin neman zaɓe.

Jihar Akansas ce ta fara, a watan Afrilun 2021. Gwamnanta na lokacin, Asa Hutchinson, ɗan jam'iyyar Rifablikan ne, mai ra'ayin riƙau na gaske, wanda a wannan shekarar ya sa hannu kan ɗaya daga cikin dokokin hana zubar da ciki mafi tsauri a ƙasar. Amma da aka kawo masa wannan ƙuduri sai ya ƙi sa hannu. Ya ce gwamnati ta wuce gona da iri, ta shiga tsakanin iyaye da likita. Ya ce da tiyata kaɗai aka hana, da ya sa hannu. Washegari 'yan majalisar jam'iyyarsa suka yi watsi da hawa kujerar na-ƙin da ya yi. Irin haka ta faru a Ohayo, inda Gwamna Mike DeWine, shi ma ɗan Rifablikan, ya zaga asibitocin yara ya zauna da iyalai, ya ƙi sa hannu a ƙarshen 2023, majalisa ta tsallake shi a watan Janairu. A Alabama, dokar 2022 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara goma ga likitan da ya rubuta maganin. A Teksas kuwa, a watan Fabrairun 2022 Gwamna Greg Abbott ya umarci hukumar kare yara ta binciki iyayen da suka kai 'ya'yansu wannan magani, da zargin cin zarafin yara. Ku yi tunanin uwa da ta bi shawarar likitan asibitin jami'a, sai ga jami'an gwamnati suna ƙwanƙwasa mata ƙofa da takarda a hannu. Kafin shekara huɗu ta cika, jihohi fiye da rabin hamsin ɗin sun kafa irin wannan doka, kusan dukansu inda 'yan Rifablikan ke riƙe da majalisa.

Ta jihar Tenesi ce ta kai Kotun Ƙoli. A watan Satumbar 2022 wani mai sharhin siyasa, Matt Walsh, ya baza faya-fayen bidiyo game da cibiyar da ke asibitin Jami'ar Vanderbilt a birnin Nashbil, gari ya ɗauka. Da majalisar jihar ta dawo zama, ƙudurin hanin ne ya samu lamba ɗaya. Gwamna Bill Lee ya sa hannu a watan Maris na 2023. Dokar ta hana tsayar da balaga, ta hana homon, ta hana tiyata ga duk wanda bai kai 18 ba, ta yanka tarar dala 25,000 kan kowane laifi. Yaran da suka riga suka fara shan magani aka ba su zuwa 31 ga Maris na 2024 su daina. Mai hali ya ɗauki ɗansa a mota ya tsallaka zuwa jihar da ba ta hana ba, tafiyar sa'o'i, duk bayan 'yan watanni, ko ya sayar da gida ya yi ƙaura. Marar hali ya zauna da likita suna rage ƙwaya a hankali har ranar ta zo.

Iyalai uku da wata likita daga birnin Memfis suka shigar da ƙara, gwamnatin Joe Biden ta mara musu baya. Hujjarsu ta tsaya kan gyara na 14 na kundin tsarin mulki, wanda aka yi tun 1868, mai cewa doka ta kare kowa daidai wa daida. Suka ce ga kwalbar testosteron guda. Idan yaro namiji balagarsa ta yi jinkiri, likita zai ba shi. Idan wadda aka haifa mace ce ta nema, an hana. Ashe jinsi ne ya raba su, kuma dokar da ta raba mutane bisa jinsi dole kotu ta tsananta mata bincike. Lauyoyin Tenesi suka ce abin da ya raba su shi ne dalilin shan maganin da kuma shekaru.

An saurari ƙarar ranar 4 ga Disambar 2024, kuma akwai wata 'yar musayar magana a zauren da ta fi komai tsaya min a rai. Shekaru da dama ana faɗa wa iyaye a Amurka cewa zaɓi biyu gare su, ko su yarda da magani ko su binne ɗansu. Mai shari'a Samuel Alito ya ɗauko rahoton Cass ya tambayi lauyan iyalan, Chase Strangio, wanda shi kansa ya sauya jinsi, ko akwai hujjar cewa maganin na rage kisan kai. Lauyan ya amsa cewa binciken da ake da shi bai nuna raguwar mace-macen ba, domin abin ba ya yawan aukuwa, sai dai akwai binciken da ya nuna raguwar tunanin kashe kai. Amsa ce ta gaskiya, na kuma yaba masa. Amma tsakanin wannan amsa da abin da aka riƙa faɗa wa iyaye a ɗakin likita akwai tazara mai nisa. Uban da aka ce masa ɗansa zai mutu, ai ba shawara aka ba shi ba, wuƙa aka ɗora masa a wuya.

Ranar Laraba 18 ga Yunin 2025 hukunci ya fito, alƙalai shida suka rinjayi uku. Alƙalin alƙalai John Roberts ya ce dokar ba ta raba mutane bisa jinsi ba, kuma inda masana ke jayayya, sai a bar wa jama'a da wakilan da suka zaɓa. Ku lura, kotu ba ta ce maganin yana da illa ba, ba ta kuma hana shi a faɗin ƙasa ba. Cewa ta yi kowace jiha ta yi yadda ta ga dama. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta karanta rashin amincewarta da bakinta a zauren, abin da ba a cika yi ba, ta ce kotu ta yasar da yaran nan da iyayensu ga guguwar siyasa.

To, ina na tsaya? A matsayina na uba, idan aka ce min ga magani da zai iya hana ɗana haihuwa, ga kuma hujjar amfaninsa ba ta taka kara ta karya ba, zan ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ina ganin manyan ƙungiyoyin likitocin Amurka, irin su ƙungiyar likitocin yara wadda ta fitar da matsayarta a 2018, sun yi gaggawar cewa magana ta ƙare alhali ba ta ƙare ba. Sai a 2023 ita wannan ƙungiya ta ce za ta sa a tankaɗe hujjojin, shekara biyar bayan ta riga ta yi fatawa. Wannan sakaci shi ya buɗe wa 'yan siyasa ƙofa.

Amma kada dattijon teburin shayi ya yi saurin tafi. Akwai bambanci tsakanin likita ta ce a dakata a bincika, da ɗan majalisa ya ce a ɗaure likita. Rahoton Cass bai ce a haramta homon ba, cewa ya yi daga shekara 16 a yi matuƙar taka-tsantsan. Yaran Ingila da suka riga suka fara magani ba a katse musu ba. Dokar Tenesi ba ta bar ko da tagar da za a ce ga yaro ɗaya cikin dubu da lamarinsa ya bambanta ba. Kuma ba ta amsa tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba: yarinyar nan da ta ƙi fita daga ɗaki, yanzu da aka hana allura, wa zai zauna da ita?

Akwai kuma wani abu da nake so masu sauraro su auna da kyau. Kwana tara bayan wancan hukunci, ranar 27 ga Yuni, kotun nan dai, da rinjayen shida da uku, ta yanke wata shari'ar daga jihar Merilan. Iyaye ne, cikinsu har da Musulmi, sunan ɗayansu Mahmoud ma shi ke kan ƙarar, tare da Kiristoci, suka ce makarantun gwamnati sun hana su janye 'ya'yansu daga darasin da ake karanta littattafan labarin auren jinsi da sauya jinsi. Kotu ta ba su gaskiya bisa 'yancin addini. Da yawanmu mun ji daɗin wannan, domin mun yarda uba ne ke da ta cewa kan tarbiyyar ɗansa. To amma a Tenesi ma iyaye ne suka tsaya suka ce mu muka haifa, mu muka kwana da kukansa, mu da likita muka yanke shawara, gwamnati ta ce ba ku isa ba. Kotun Ƙoli ba ta ma karɓi wannan ɓangare na ƙarar ba, zancen daidaito kaɗai ta saurara. A can Kalifoniya kuma, inda 'yan Dimokuraɗiyya ke mulki, an yi doka a 2024 da ta hana hukumomin makarantu tilasta wa malamai su sanar da iyaye idan yaro ya sauya suna da jinsi a makaranta. Nan ma an ture uba gefe, sai dai ta ɗaya hannun. Sandar da aka miƙa wa gwamnati yau don ta bugi wanda ba ka so, ba a hannunka za ta kwana ba, kuma mulki juyawa yake. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi da ruwa.

Gwamnatin tarayya ma ta shigo. Ranar 28 ga Janairun 2025, mako guda da komawarsa mulki, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin da ya yi barazanar yanke kuɗin tarayya ga asibitocin da ke ba 'yan ƙasa da shekara 19 wannan magani. Asibitoci da dama a jihohin da ba su hana ba suka ja da baya da kansu. Babban asibitin yara na Los Anjalas, wanda cibiyarsa ke cikin mafi girma da daɗewa a ƙasar, ya rufe ta a watan Yulin shekarar. Ashe barin kowace jiha ta zaɓa ma bai tsaya a inda alƙalin alƙalai ya ajiye shi ba.

Kowa a wannan rigima yana cewa hujja ta yi ƙaranci. To wa ke nemo ta? A watan Oktoban 2024 jaridar New York Times ta ruwaito cewa wata fitacciyar likita a wannan fanni, Dakta Johanna Olson-Kennedy, ta jinkirta wallafa sakamakon wani bincike da kuɗin gwamnati suka ɗauki nauyinsa, kan yara 95 da aka tsayar wa balaga. Bai nuna lafiyar tunaninsu ta ƙaru ba. Ita ta ce dama yaran sun shigo da ƙoshin lafiya, kuma tana tsoron 'yan adawa su mayar da sakamakon makami. Jihar da ta haramta maganin kwata-kwata kuma ta rufe hanyar gwaji a asibitocinta. Ɗaya ya ɓoye awo, ɗaya ya fasa ma'auni.

A Ingila ma ba a tsira ba. Sababbin cibiyoyin sun gaji jerin yara fiye da 5,000 da ke jiran ganin likita, wasu kusan shekara biyu suna layi. Sannan akwai mutum wajen 9,000 da suka ratsa ta cibiyar Tavistock suna yara. Yawancinsu yanzu manya ne. Su ne suka san ko maganin ya amfane su, ko sun yi nadama, ko ƙashinsu ya yi rauni, ko sun haihu. Dakta Cass ta so a bi sawunsu ta takardun asibiti, gwamnati har ta gyara doka don a samu damar yin hakan. Da masu binciken Jami'ar York suka je, shida daga cikin cibiyoyi bakwai na manya da ke riƙe da takardun suka ƙi ba da haɗin kai. Haka rahoton ya fito ba tare da labarin mutum 9,000 ɗin nan ba.